Kafin Natália Ta Cika Sha Huɗu

Pago Pago, 19 ga Fabrairu, 1995

Comadre Graciete,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Compadre Horácio da samarinku biyu da 'yata Natália. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon ƙugun nan da kika sani. Jiya muka gama sauke kifi, kwana shida muna abu ɗaya, har yanzu hannuna ƙarni yake yi ko na goga lemo.

Na samu lauyar nan ta Fresno, Mrs. Hagopian, a wayar ofishin wakilin jirginmu. Ga abin da ta ce, ki karanta a tsanake. A California, in yaron da aka ji wa rauni bai cika shekara sha huɗu ba, yana da haƙƙin a sa shari'arsa gaba da ta manya. Lauya ta shigar da takardar roƙo, alƙali ya amince, dole a zauna cikin kwana ɗari da ashirin. In ya wuce sha huɗu kuwa, layi zai bi kamar kowa, kuma layin kotunku, in ji ta, sai a yi shekara uku ana jira. Natália za ta cika sha huɗu ranar tara ga Yuni. Lauyar ta ce da zarar mutanen inshorar gonar sun amsa ƙarar, wajen ƙarshen Maris, za ta shigar da roƙon. Amincewarki kawai take buƙata, tunda ke na sa ki tsaya wa yarinyar a kotu.

Saurin yana da dalili biyu. Likita ya ce aiki na biyu a hannun Natália ya fi kyau a yi shi tun tana girma, kuɗin aikin kuma daga ƙarar zai fito. Sannan Ti Jacinto, tsohon nan mai tatsar shanu, shi kaɗai ne a wurin ranar da ta kai musu kofi, sandar da ke juyawa a bayan tarakta ta kama hannun rigarta. Da bakinsa ya gaya min a waya cewa babu murfin ƙarfen a kan sandar, kuma ya yi musu magana tun kafin abin ya faru. Shekararsa saba'in da ɗaya, kullum maganarsa komawa gida, tsibirin São Jorge. Yatsu biyu na hannun damanta sun tafi, Comadre, ba za su dawo ba. Amma ina so wani ya tsaya gaban alƙali ya faɗi yadda aka yi.

Na san ƙarar nan ta sa ku a tsaka mai wuya, tunda a gonar Senhor Leonel Compadre yake shugabantar masu tatsa, a gidan gonar kuma kuke zaune. Ba na son abin da zai taɓa gidanku. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, ke kuma kika riƙe Natália a coci ranar baftisma, matata marigayiya Celeste na tsaye kusa da ke, tun ranar muka zama Comadre da Compadre. Ba ni da wanda ya fi ki a ƙasar nan. Da so samu ne a ce ina zaune a kotun ranar da za a yi. Amma ke ce a kusa, ki yi abin da ya dace.

Jibi za mu koma teku, sai wajen Mayu. Ki sumbaci goshinta a madadina.

Compadrenki,
Adelino Borba

*

Tulare, 14 ga Maris, 1995

Compadre Adelino,

Na samu takardarka, na gode wa Allah da kana lafiya. Ƙugun nan ka riƙa ɗaure shi, kai ba yaro ba ne, ka daina ɗaukar abin da samari ke gudu. Mu ma lafiya lau. Ruwa ne ya yi mana yawa bana, garken shanu ya zama taɓo har gwiwa, Horácio yana shigowa gida kamar an tono shi daga ƙasa. Na ce masa ko dai ya bar takalmansa a waje ko ya kwana da shanun.

Natália tana samun sauƙi. Ranar Talata da Juma'a nake kai ta gashin hannu, ba ta kuka yanzu, sai dai ta cije leɓe. Ta fara riƙe cokali da hannun. Tana cin abinci sosai, ta kusa kamo ni a tsayi. Shiru ne ya yi mata yawa, amma ka san shekarun nan.

Ga labari mai daɗi. Senhor Leonel ne shugaban Festar Ruhu Mai Tsarki ta bana, babban bikin cocinmu, kuma ya ce Natália ce za ta zama ƙaramar sarauniya. Shi zai sayi alkyabbar, farin karammiski mai jan ƙasa. Ni zan ɗinka mata safar hannu ta leshi har gwiwar hannu, ba wanda zai lura da komai. Da Celeste tana raye da ta yi kukan murna. Mutumin nan, Compadre, ko me aka ce, yana da zuciya. Duk sati sai ya tambaye ni jikinta.

Maganar kotu kuma, na je Fresno na ga lauyar. Mace ce mai magana da sauri, rabin Turancinta wuce ni yake yi. Na karanta mata wani wuri a takardarka. Mun gama magana, sai bayan Festa. Ka kwantar da hankalinka ka yi aikinka, teku ba ya son mai tunani biyu.

Ti Jacinto yana gaishe ka, tari ya dame shi. Samarin ma suna gaisuwa. Natália ta ce za ta rubuto maka in hannun ya ƙara ƙwari.

Comadrenka,
Graciete Ávila

*

Pago Pago, 7 ga Mayu, 1995

Comadre,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Mun shigo shekaranjiya da jirgi cike, ni ma lafiya lau. Takardarki ce farkon abin da aka miƙa min, a tsaye na karanta ta a bakin ruwa.

Wato alƙali ya ba da rana, bayan Festa. Allah ya saka miki da alheri. Na yi lissafi, Festa ranar sha ɗaya ga Yuni ce, in an shigar da roƙon a Afrilu to kwana ɗari da ashirin zai kai mu Agusta. Na riga na gaya wa kyaftin cewa bayan tafiyar nan zan sauka, ya yi ƙunƙuni amma ya yarda. Ki rubuto min ainihin ranar don in san yadda zan yi da tikiti. Na kira gidanku jiya, ƙaramin ɗanku ya ɗauka ya ce kin fita da Natália gwajin riga. Ofishin lauyar kuma Asabar ce, ba kowa. Wannan karon an yi saurin sauke kifin, gobe da asuba za mu tashi.

Maganar sarauta, ban san abin da zan ce ba. In tana so, shi ke nan. Ki ɗaukar min hoto. Na sa 'yan kunne a cikin ambulan ɗin nan, ki ba ta ranar haihuwarta, ki ce daga babanta ne mai warin kifi.

Adelino

*

Pago Pago, 3 ga Yuli, 1995

Comadre Graciete,

Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Mun dawo jiya. Babu takarda daga gare ki. Akwai ta Mrs. Hagopian, mai kwanan wata sha biyu ga Mayu, ta iso kwana kaɗan bayan tashinmu, tana kwance a ofishin wakili fiye da wata ɗaya. Wani ɗan jirginmu haifaffen San Diego ya karanta min ita sau biyu, na sa ya sake na uku.

Ta ce tun ƙarshen Maris takardar roƙon tana kan teburinta a shirye. Ta ce kin hana ta shigar. Kin gaya mata cewa uban yarinyar ba ya son a yi shari'a ba ya nan, har kin fassara mata wurin da na rubuta haka. Ta ce sau uku ta kira ki a Afrilu, ta bayyana miki abin da zai faru ranar tara ga Yuni, da tafinta a kan layi don kada ki ce ba ki gane ba. Ta ce in amsa mata ta waya kafin ƙarshen Mayu, in ba haka ba babu abin da za ta iya. A ƙarshen Mayu ina tsakiyar teku ina jan koma, ina gaya wa mutane cewa 'yata za ta ga alƙali a Agusta.

Na kira ta yau. Ta ce an wuce wurin. Natália ta cika sha huɗu, ta shiga layin manya.

Na ɗauko takardarki ta Maris na sake dubawa. "Mun gama magana, sai bayan Festa." Ba ki ce alƙali ya ba da rana ba, ni na karanta haka. Amma na rubuto miki a Mayu ina murna, kin ga yadda na fahimta, kika yi shiru. Wata guda cur ya rage a lokacin.

Na kira gidanku sau huɗu yau, ana ɗauka ana ajiyewa. Don haka nake rubutawa. Ina so ki gaya min dalili, da rubutun hannunki. Kuma ina Ti Jacinto? Lauyar ta ce wasiƙar da ta aika masa ta dawo.

Adelino

*

Tulare, 16 ga Yuli, 1995

Compadre Adelino,

Mun gode Allah da ka dawo lafiya. Natália lafiyarta ƙalau, 'yan kunnen sun yi mata kyau, da su ta yi Festa. Ni ce ba na jin daɗi, tun da takardarka ta zo jinina ya hau.

Ka tambaye ni dalili kamar ɗan sanda. To bari in gaya maka.

A farkon Maris Senhor Leonel ya shigo kicin ɗina. Shekara ashirin da biyu muna gonarsa, bai taɓa wuce baranda ba. Ya zauna, na ba shi kofi, ya kalli rufin ya ce, "Graciete, nan yana yoyo ne?" Na ce a'a, Senhor. Ya ce, "Gida mai kyau ne. Ni na gina shi da mahaifina." Ya sha kofinsa. Sai ya ce, "Mutanen inshora sun ce in aka yi shari'ar nan da gaggawa, ba su da lokacin sasantawa, kowa za a kira ya yi rantsuwa. Ni ba zan iya riƙe mutumin da gidansa ke kai ni kotu da gudu ba. In an bi a hankali, kowa zai samu nasa." Da zai fita ya ce, "Yarinyar nan za ta yi kyau da kambi."

Ka gaya min abin da zan yi. Horácio shekararsa hamsin da shida, bai iya Turanci ba, bai iya komai ba sai shanu. In aka kore mu ranar Litinin, ranar Talata ina za mu kwana, mu da yaranmu da 'yarka? Kai kana can, kana aiko da takarda sau ɗaya a wata uku kana cewa a yi kaza. Ni ce na kwana ashirin da ɗaya a kujerar asibiti. Ni nake wanke mata hannun nan da kai ba ka taɓa gani ba tukuna. Ni na san yadda take juya fuska in an kwance bandeji.

Kuma ba ƙarya na yi wa lauyar ba. Kai ka rubuta cewa ba ka son abin da zai taɓa gidanmu. Kai ka rubuta cewa da so samu ne kana zaune a kotun. Kai ka ce in yi abin da ya dace. Takardar tana nan cikin akwatina. Ta Mayu kuwa, na zauna zan amsa har sau biyu. Na ce ko na rubuta kana teku, ba za ta same ka ba. Ka ce wannan uzuri ne, na yarda.

Ba a kashe ƙarar ba, Compadre, jinkiri kawai aka yi. Shekara uku ba mutuwa ba ce. Senhor Leonel ya ce zai yi wa likita magana da kansa a kan aiki na biyun.

Ti Jacinto ya tafi São Jorge sati ɗaya bayan Festa. Tarin ya ƙi sauƙi, Senhor Leonel ya saya masa tikiti, aka yi masa liyafa a zauren coci. Dama can gida yake so.

Ban amsa maka a waya ba don na san ihu za ka yi, ni kuma ba zan iya ba. Ka yi fushi yadda kake so, amma kada ka ce ba na son yarinyar nan. In ka zo ɗakinka yana nan.

Comadrenka,
Graciete

*

Tulare, 20 ga Yuli, 1995

Baba,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya da ƙugunka. Ni lafiya lau. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Ƙawata Odília ce za ta kai gidan waya, Madrinha Graciete ba ta san na rubuto ba.

Na ji Madrinha tana karanta wa Padrinho Horácio takardarka a kicin. Ya ce mata, "Ki ce masa Senhor Leonel ne." Ta ce, "Ai shi ne." Ya ce, "To shi ke nan."

Baba, Senhor Leonel ya zo kicin, gaskiya ne, ina ɗaki na ji. Amma ba shi ya cire murfin sandar taraktar ba. Padrinho ne. Kwana biyu kafin abin, na gan shi ya kwance shi da sifana ya jingina a bango, ya ce ciyawa tana maƙalewa a ciki tana ɓata masa lokaci. Ti Jacinto ya ce ya mayar, suka yi faɗa, Padrinho ya ce masa tsoho ya je ya yi tatsarsa. Ina tsaye da butar kofi.

A asibiti da na farfaɗo, Madrinha ta riƙe ɗaya hannun nawa tana kuka. Ta ce in an tambaye ni in ce ban tuna komai ba, in ba haka ba za a kori Padrinho, wataƙila ma a ɗaure shi. Da lauyar ta tambaye ni, haka na ce. Na ɗauka in mun je gaban alƙali aka sa na rantse, dole in faɗa, ba laifina ba ne ke nan. Shi nake ta jira. Ban san akwai maganar sha huɗu ba sai da na ji takardarka.

Ranar haihuwata Madrinha ta yi babban kek, Padrinho ya sha giya ya yi ta rawa da ita a tsakar gida. Ban taɓa ganin ya yi rawa ba. Na ɗauka don ni ne.

Ban so sarautar nan ba. Safar hannun ta yi zafi, an cusa auduga a wurin yatsun biyu, kowa yana kallonsu.

Madrinha tana yi min komai, ba ta taɓa yi min tsawa ba. Ban san yadda zan zauna da su a tebur ba yanzu. Ka zo.

'Yarka,
Natália

*

San Diego, 24 ga Satumba, 1995

Graciete,

Ina fatan jininki ya sauka, ina fatan samarin suna lafiya. Mu muna lafiya. Na bar jirgi. Ina gyaran koma a tashar jiragen ruwa, muna hayar ɗaki biyu a gidan wata bazawara 'yar tsibirin Pico. Natália ta shiga makaranta.

Ranar da na zo ɗaukarta ban yi magana ba, kin ba ni kofi ban sha ba. Ba raini ba ne. A ranar na fara ganin hannun, a motata, ta cire shi daga aljihu ta ɗora a gwiwa don in gani in gama. Bayan haka ba na jin zan iya buɗe baki a gidanki. Na ga Horácio ta tagar ɗakin tatsa, shi ma ya gan ni, bai fito ba.

Ga yadda abubuwa suke, don kada ki ji a bakin mutane. Alƙali ya cire sunanki ya sa nawa. Mrs. Hagopian ta gwada roƙon duk da haka, ta ce yarinyar tana da sha uku lokacin da aka shigar da ƙara. Alƙali ya ce doka a kan shekarunta na yau take magana, ba shi da abin yi. An ba mu Maris na 1998. Za ta kusa sha bakwai. Likitan nan ya duba hannun ya ce zai yi abin da zai iya in lokacin ya zo, amma ba zai yi min alƙawarin aikin zai yi kyau kamar in bana aka yi shi ba. Senhor Leonel bai kira kowane likita ba, na tambaya. Na rubuta wa Ti Jacinto, 'yarsa ta amsa ta ce baban ba shi da lafiya, kuma ya ce bai tuna komai ba.

Natália ta gaya wa lauyar abin da ta gani, da abin da kika ce mata a asibiti. Ban sa ta ba, ban kuma hana ta ba. Za a kira Horácio ya rantse. Ke ma za a kira ki. Kin samar masa shekara uku a gidan nan, ki yi amfani da su ku nemi wani wuri.

Da kin rubuto min a Fabrairu kin ce, Adelino, mijina ne ya cire murfin, da na yi ihu, na sani. Da na zage shi har São Jorge. Amma da na sa wani ya tsaya mata a kotu, da ban ɗora miki abin da ba za ki iya ɗauka ba. Kika bar ni ina ba ki haƙuri a kan tsaka mai wuya. Abin da kika yi wa lauya da kalmomina, wata rana ƙila in daina jin zafinsa. Abin da kika ce wa yarinya tana kan gadon asibiti, ban san inda zan ajiye shi ba.

Abu ɗaya ya sa na rubuto. Da safe ni nake ɗaure mata gashi, hannu ɗaya ba ya yi, ni kuma ban iya ba, kafin ta kai bakin titi ya warware. Jiya ta ce ke kina da wata dabara da kike yi mata da zai kwana biyu bai motsa ba, ta ce in tambaye ki. Na ce ta tambaye ki da kanta. Ta ce ba za ta iya rubuto miki ba tukuna. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana kuka, ba don gashin ba.

Adireshin yana bayan ambulan. In za ki amsa, ki rubuta yadda ake ɗaurin dalla-dalla, yadda namiji zai gane. Kada ki ƙara komai a kai.

Adelino Borba